Takalman Dije a Bakin Tabarma

Suweba, jiya da kika shigo ɗakina kina ƙwas-ƙwas da sabon takalminki mai tsini, kina juyi gaban madubi kina cewa, "Yaya Hawa, ya kika ga Madam Suweba?" ban tanka miki ba, don ƙawayenki suna wurin. Amma na ji abin da Rukaya ta faɗa. Wai ajin keji, na 'yan ƙananan yara, ai hutu ne: waƙa, tafi, sai barci. Duk kuka kwashe da dariya, har da ke.

Ran Litinin za ki karɓi wurina a sukul har in haihu in gama wanka. Cikin yaran da za a bar miki akwai Nasiru, ɗana. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ga ƙafa a kumbure, ga baya yana ciwo. Kin san aji shida na tsaya, rubutu ba ya yi mini sauri. Ki karanta har ƙarshe, in kin gama ki miƙa wa Rukaya.

Da farko dai ki cire Madam ɗin nan daga bakinki. Madam ɗaya ce a ajin, Madam Afiya, ita ta yi kwaleji, ita ke da alli. Ke mataimakiya ce, yara za su ce miki Anti. Aikinki shi ne ki riƙe ajin yadda za ta samu ta koyar. Amma ranar da aka kira ta taro, ko ciwon ƙafarta ya motsa ta kasa hawowa daga Manhyia, to ajin naki ne ke kaɗai, ba wanda zai leƙo ya tambaye ki ya kike.

Ranar da na fara aikin nan, na yi kwalliya kamar yadda kike shirin yi. Madam Afiya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta miƙo mini bokiti da tsumma da buta. Na tsaya ina kallon allo. Ta ce, da Hausarta ta mutanen Asante, "Hawa, alli yana nan, ba ya gudu. Fitsari shi yana gudu. Je ki tare shi." Kafin in juya, ya riga ya kai tabarma ta biyu, yara suna ɗaga ƙafa suna ihu, mai abin kuma ya zauna ya yi fuskar malamai kamar ba shi ba. Wata guda na yi ban taɓa alli ba. Abin da na koya a watan nan shi ne ganewa kafin abin ya zo. Yaro ba zai ce miki yana jin fitsari ba, wani kunya, wani bai san da wane yare zai faɗa miki ba. Ki duba wanda ya daina waƙa. Ki duba wanda ya matse gwiwa yana lilo. Wanda ya yi shiru ya ƙura wa bango ido kuwa, kin makara, ki ɗauko wandon canji. Suna cikin jakar da ke rataye bayan ƙofa, da tsohon zanena biyu. In kin yi amfani da su ki wanke a ranar, kada ki bar mini su su kwana.

Kama fensir aiki ne na kansa. Za ki durƙusa bayan yaro, ki ɗora hannunki kan nasa, ku ja layi tare. Ki saki, ya juya fensirin ya sa a baki. Ki sake. Kuma yawancinsu da yamma suna makarantar allo, can malam ya koya musu a fara daga dama. Sai ki ga yaro ya yi miki rubutu mai kyau tsaf, amma daga ƙarshen layi ya taso. Kada ki ce masa ya yi kuskure, don zai je ya gaya wa malam cewa Anti ta ce ba haka ba ne, gobe ki ga uban yaro a bakin ƙofa da carbi a hannu yana neman bayani. Madam ɗigo take yi musu da jan alli a gefen hagu, ta ce nan motar sukul take tashi. Ki yi haka kawai.

Lissafi da murfin kwalba muke yi, suna cikin gwangwanin madara. Ki raba da hannunki, ki tattara da hannunki, kuma idonki na kan bakuna. Na taɓa sa yatsa na zaƙulo murfi daga bakin wani yaro, ya gode mini da cizo, tabon yana nan. Gyaɗa kuwa, duk wanda kika gani da ita ki karɓe. Hanci suke sa wa. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma na tambaya, ba a ba ni amsa ba.

Sai yare. Littafi da Turanci yake. Madam tana fassarawa da Twi, yaren Asante, ke ki mayar da Hausa, amma a tabarmar gaba akwai wanda Dagbanci kaɗai yake ji, na kusa da shi Zabarmanci, ga 'yar Frafra da aka kawo daga arewa makon jiya tana kallonku duka kamar kun haukace. Ba za ki iya yarensu duka ba. Ki koyi ruwa, bayan gida, zauna, da zo nan, a bakin kowannensu. Uwayensu za su koya miki a bakin ƙofa in kin tambaya da ladabi. Sauran kuma da hannu da fuska ake yi.

Iyaye su ne masu sayen kayanmu, kuma ban taɓa ganin masu ciniki masu wahala irinsu ba. Akwai wata mai tumatir a kasuwar Asawase, ɗanta bai iya riƙe cokali ba tukuna, kullum sai ta tare ni: "Anti, yau ma ba homwok? Me kuke yi musu ne tun safe?" Akwai uban da zai kawo yaro ya ce, "Ku doke shi paa, sosai da sosai, na ba ku." Kada ki yarda. An hana duka, wannan ɗaya. Na biyu, ranar da yaron nan ya faɗi ya ƙuje gwiwa shi kaɗai, gidansu kaf za su zo, har da kakar da ba ta iya tafiya, a ɗauko ta a keke mai ƙafa uku. Akwai masu turo yaro da zazzaɓi sun ɗura masa magani, don ba mai zama da shi a gida. Kada ki yi fushi da su, kasuwa ba ta jira. Ki taɓa goshin kowane yaro da safe kamar kina gyara masa hula.

Duk wannan da na lissafa, in kin ɓata, ana gyarawa gobe. Abu ɗaya ne ba a gyarawa, shi ne lokacin tashi daga sukul. Yaron da aka sa a hannunki da safe, dole ya koma hannun masu shi. Kuma a nan ne zangon nan namu yake ba ni ciwon kai.

Kin san yadda muke. Yaro ba na uwarsa kaɗai ba ne, na gida ne. Duk wanda ya samu sarari a gidan haya shi zai zo ya kwashe yaran gidan baki ɗaya. Yau ƙanen uba, gobe matar maƙwabci, jibi wani saurayi da ban taɓa gani ba ya ce, "Anti, na zo ɗaukar namu." Ki ce masa wane ne naka, ya ce, "Ah ah, ba ki san ni ba? Ni ne ɗan Fati." Fati nawa ne a Asawase? In kin hana, kin yi rashin kunya. In kin bayar, kin kwana ba barci. Mu ma haka aka tashe mu, ni da ke, ba na cewa abin banza ne. Ba don shi ba rabin matan nan ba za su iya fita nema ba. Amma wanda aka ba amanar yara da yawa a lokaci ɗaya, shi ya san zafinsa.

Madam Afiya tana da dabararta, ita ta koya mini. Tunda a tabarma suke zama, kowa yana cire takalmi da safe, mu jera su a bakin ƙofa. In an tashi, ina zaune a wurin. Yaro ba zai fita ba sai ya zo gabana ya sa takalmi, ni kuma in ɗaga kai in ga hannun wa yake riƙe da shi. In layi ya ƙare, yara sun ƙare, sai shara. In takalmi ya rage, to mai shi yana ciki, ko ya yi barci bayan kabad, ko yana bayan gida yana wasa da buta. Madam takan ce, "Yaro yana ƙarya, uwa yana ƙarya, takalmi ba ya ƙarya." Haka muka yi shekaru, bai taɓa ba mu kunya ba, sai a shekarar kanofi.

Kina makarantar kwana a lokacin, ba ki ga abin ba. Nasiru yana goye a bayana. Farkon damina aka yi wata iska da ruwa, ta yaye rufin ajin keji ta ajiye shi a gidan mutane, ta kuma rushe katangar baya. Aka ce za a gyara. Kafin a gyara aka kafa mana kanofi a tsakar fili, irin na suna da biki, aka haɗa aji biyu a ƙarƙashinsa. Ki kwatanta: yara cike da tabarmi, ba bango ko ɗaya. Akuya ta wuce, aji ya watse. Mai yogot ya busa ƙaho a titi, aji ya watse. Ruwa ya sauko, mu kwashi tabarmi da allo mu ruga baranda. Ana cikin haka ciwon ido na apolo ya shigo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gama da ni da Madam. Mun ci gaba da jera takalma a bakin tabarma, ta gefen da ke kallon get, muna yi kamar akwai ƙofa a wurin. Sauran gefe uku kuwa a buɗe, na baya yana kallon inda katanga ta faɗi, inda wani lungu ya bi ta bayan babbar kwata ya shiga cikin unguwa.

A ajin akwai wata yarinya, Dije, 'yar shekara biyar, siririya, ba ta son hayaniya. Babanta Malam Buba dillalin shanu ne. A gidan Mma Azumi aka haife ta, kin san gidan, mai bishiyar mangwaro a lungunmu. Mma Azumi ita ke zuwa kullum ta kwashe yaran gidanta, ta sa su gaba kamar 'yan kaji. A tsakiyar zangon karatun nan Malam Buba ya samu ɗaki a Sofoline, can wata unguwa mai nisa, suka tashi. Shi dama can bai so a sa Dije sukul ba, yana ganin ta yi ƙanƙanta, matarsa Mairo ce ta dage. Da suka tashi sai ya zama shi ke kawo ta a babur in zai wuce kara, kasuwar shanu, shi ke ɗaukarta. Ya tsaya gabana da Madam ya ce, "Ni na kawo, ni zan ɗauka. Kada a ba kowa. Kuma ranar da wani abu ya same ta a nan, ta gama sukul ke nan." Madam ta ce, "Yoo, Malam, mun ji."

Ranar Juma'a ce. Kin san Juma'a da wuri ake tashi, kafin a shimfiɗa tabarmin salla a rufe titin gaban get, don haka kowa a lokaci ɗaya yake zuwa. Dije ta wuni jikinta da ɗumi, na kwantar da ita a tabarmar baya, bayan bencinan da muka tara, inda rana ba ta kaiwa. Ina zaune bakin takalma, Nasiru yana ja mini ɗankwali, wannan ya sa na dama a hagu, wancan yana kuka an taka shi, Madam tana raba wasu biyu da suka kama kunnen juna. A haka layi ya ƙare, saura ɗaya: ɗan jan takalmin roba na Dije. Ban damu ba. Ran Juma'a babanta sai an sallame yake zuwa, kullum ita ce ta ƙarshe. Na yi shara. Na wanke bokiti. Na naɗe tabarmin gaba a hankali don kada in tashe ta. Duk sanda na waiga, takalmin yana nan, hankalina kwance.

Aka idar da salla, sai ga babur. Malam Buba da farar rigarsa ta Juma'a. Na ɗaga murya na ce, "Dije, tashi, ga Baba." Shiru. Na zagaya bayan benci. Tabarma ce kawai, da ɗan zanen da na lulluɓe ta da shi.

Na duba bayan gida. Na duba baranda, da ajin da ba rufi, da cikin kabad, har ƙarƙashin teburin hedimasta. Malam Buba yana tsaye riƙe da takalmin a hannu ɗaya yana cewa, "Ina take? Ga takalminta. Ina take?" Ba ya ihu, kuma da ya yi ihun da ya fi mini sauƙi. Mutanen da suka fito masallaci suka fara taruwa. Wani ya ce a duba kwata. An yi ruwa jiya, kwatar bayan katanga ta cika tana gudu, baƙa ƙirin. Kafin a ce wani abu Malam Buba ya faɗa ciki da farar rigarsa, ruwa har cinya, yana laluba da hannu ƙarƙashin gada. Samari biyu suka bi shi. Wani ya ruga masallaci aka fara cigiya a lasifika: yarinya 'yar shekara biyar, sunanta Dije, ba takalmi a ƙafarta.

Madam Afiya ba ta bi su ba. Ta je inda katanga ta faɗi, ta sunkuya da ƙyar ta ɗora tafin hannu a kan tsakuwa da fasassun bulo, ta janye da sauri don zafi. Ta ce, "Hawa, zo. Dije da yashi ya shiga takalminsa yana kuka, shi zai taka wannan? Bai taka ba. Ɗauka aka yi." Ɗauka ai ta fi kwata muni. Amma da ta faɗi haka sai na tuna wani abu. Dije ba ta yarda a taɓa ta. Ni kaina sai da na yi makonni kafin ta bari in goge mata hanci. Da baƙo ne ya ɗaga ta, da duk Asawase ta ji. Ba wanda ya ji ko tari. Sannan yaran gidan Mma Azumi sun zo gabana sun sa takalma, amma babbarsu ce ta kawo su, 'yar aji biyu. Da na ce ina Mma, ta ce, "Tana baya." Na ɗauka tana nufin tana tafe. Ashe bayan take nufi, ta wajen katanga, tunda masu salla sun fara tare gaban get.

Na ce, "Malam, fito. Zo mu je." Na ruga da goyo, shi yana bina yana ɗigar da ruwan kwata, jama'a suna bin mu.

Muka faɗa gidan Mma Azumi ba ko sallama. Ga Dije zaune ƙarƙashin mangwaro a kan tabarma, an yi mata wanka, an shafe ta da man kaɗe, an zuba mata hoda har wuya, tana shan koko a kofi. Mma Azumi tana gefe tana tsintar wake a faranti. Ta ɗago ta dube mu ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Na ce, "Mma, Dije muke nema! Ba ki ji cigiya ba?"

Ta ce, "Na ji mana. Na ce Allah sarki, Allah ya bayyana ta. Wata Dijen ce ai. Tamu ba ta ɓace ba, ga ta nan."

Na ce, "Mma, sun tashi fa. Sofoline suke yanzu."

"Sun tashi sai me? Ni na yanke mata cibi. Na zo na tarar da ita kwance ita kaɗai jiki kamar garwashi, kun jefar da ita bayan benci kamar tsumma, in wuce in bar ta?"

"To ai da kin gaya mini."

Ta ajiye farantin. "Ke Hawa. Ni zan nemi izini wurinki? Ranar da aka kawo uwarki unguwar nan ni na riƙe mata fitila. Kuma in ba nan ba, ina za a nemi Dije? Sai ku tafi kwata?"

Na juya ina jiran Malam Buba ya yi magana, mutumin da ya ce kada a ba kowa. Suweba, durƙusawa ya yi. Da rigarsa baƙa har ƙirji, ya durƙusa ya ce, "Mma, ina wuni." Ta ce, "Buba, tun da ka tashi ka taɓa takowa ka gaishe ni? Sai yau, kuma da wannan warin? Tashi ka shiga bayi, a ba shi ruwa da sabulu." Ya ce, "To, Mma." Mutanen da suka biyo mu suka fara dariya, wasu suna cewa alhamdu lillahi, wata har ta ce Allah ya saka wa Mma da alheri. Ba wanda ya ce mata don me. Ko mutum ɗaya.

Fushin da bai iya yi mata ba, ni ya ajiye wa. Da ya fito zai hau babur ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na gaya muku. Ta gama."

Litinin ba Dije. Talata ba Dije. Takalmin kuwa yana wurina, a rikicin nan ya yar da shi bakin kwata na tsince shi. Kullum da safe in na jera na sauran sai in rasa inda zan sa shi. Na ce wa Madam ko in aika musu da shi. Ta ce, "Bar shi. In ka aika takalmi, ka sallami yaro." Hedimasta ya kira Malam Buba a waya, bai ɗauka ba. Mairo ta aiko mini cewa ta yi magana har ta gaji, ya ce yarinya ta zauna gida. Yarinyar da ta fara rubuta sunanta daga jan ɗigo, ta fara ɗaga hannu a aji.

Ana nan sai ran nan Mma Azumi ta zo kwasar nata, ta ƙirga su da ido ta ce, "Ina Dije? Jikin ne har yanzu?" Na ce, "Mma, babanta ya cire ta." Ta ce, "Saboda me?" Na haɗiye abin da ya zo bakina na ce, "Saboda abin da ya faru ran Juma'a." Ta ce, "Me ya faru ran Juma'a?" Wallahi haka ta ce. Sai ta hangi jan takalmin a gefena. Ta sunkuya ta ɗauka, ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce wa babbar yarinyar ta kai sauran gida. Tsohuwar da ba ta barin unguwa sai in asibiti za ta, ta je ta hau tirotiro, motar haya, har Sofoline.

Ban san duk abin da ta gaya masa ba. Mairo ta ce a tsakar gida ta same shi, gaban sababbin maƙwabta, ta ajiye masa takalmin a gaba ta ce, "Wato ni ce ɓarauniyar da ka cire 'yarka sukul dominta? Faɗa mini a gaban mutane in ji." Ya rantse ba haka ba ne. Ta ce to in ba haka ba ne ta ga yarinya ran Litinin.

Ran Litinin sai ga babur. Dije ta sauko da jan takalminta, ta zo ta cire ta sa a layi kamar jiya ta bar shi. Malam Buba ya gyara murya ya ce, "Daga yau in an tashi, Mma Azumi za ta ɗauke ta. Ni zan biya can." Na dubi Madam, Madam ta dubi sama. Wadda ta ɗauke yarinya ba sallama, ita aka naɗa mai ɗauka. Dije tana firamare yanzu, ita ke karanta wa Mma rubutun jikin kwalin magani.

An mayar da rufi, an gina katanga, mun koma aji mai ƙofa ɗaya. Har yanzu muna jera takalma, ki ci gaba da jerawa. Amma kada ki yarda da su su kaɗai. Mai zazzaɓi da mai barci, a gefenki za ki kwantar da su, inda ƙafarki take taɓa tabarmar. In layi ya rage saura ɗaya, kada ki ɗauki tsintsiya sai kin je kin ga mai shi da idonki, kin taɓa shi. Kuma in mutane suna fita, kada ki tsaya kallon ƙafafu kawai. Ki duba bayan kowace mace, ki ga wa ta goya.

Mma Azumi ba ta canza ba, kada ki sa rai. Ta ƙofa take shigowa yanzu, amma ba ta tsayawa a layi, ba ta magana da kowa. Duk wanda ta ga ya yi barci cikin waɗanda take kira nata, sai ta saɓa shi ta yi gaba, takalmi ko oho. Kuma nata sun ƙaru, duk lungunmu ta haɗa, har da Nasiru, shi kuwa kin san shi da barcin rana. Ba za ki iya hana ta ba, hedimasta ma ya gwada. Abin da nake yi shi ne, ina ganin ta fita da goyo sai in duba wane ne, in zari takalminsa in bi ta, in sa mata a hannu in faɗi sunan yaron da ƙarfi yadda Madam za ta ji daga ciki. Tsohuwa ce amma tana da sauri, wani lokaci sai bakin kwata nake cim mata. Da cikin nan na yi ta yi har makon jiya.

Saboda haka takalmin nan naki mai tsini, ki ajiye shi sai ranar suna. Silifas ɗina suna bayan ƙofa. Su za ki sa ran Litinin.